Amsa ga mai tambaya kan Windows mai zuwa

Malam, ka ce kana jin mutane na ta ƙorafi kan shirin da Microsoft ke yi wa Windows na gaba, shin ka jira ko ka sayi kwamfutar da ka gani a wani shago a titin Ahmadu Bello?

Ni dai shawarata kada ka jira. Amma ƙorafin nan ba na banza ba ne. A 2012 da aka fito da Windows 8 babu madannin Start, sai da jama'a suka yi ca kafin a dawo da shi a 8.1. A 2024 ma, da suka sanar da Recall, wanda ke ɗaukar hoton allonka lokaci-lokaci, mutane suka ce sirrinsu fa? Dole aka ɗage shi, aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne mu nan Kaduna yawancinmu na hannu muke saye. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma in processor ɗinta (ƙwaƙwalwar kwamfutar) na Intel ne, sai ƙarni na 8 zuwa sama, Windows 10 kuwa an daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba, 2025. Ƙanena da ke buga wa ɗalibai takardu a Tudun Wada, kwamfutarsa lafiya lau take, amma saƙo ya fito cewa ba ta cancanci Windows 11 ba. Wallahi abin ya ba ni tausayi.

Kafin ka biya, sa mai shagon ya buga tpm.msc a gabanka, ka gani da idonka ko kwamfutar tana da TPM 2.0.