Daga ina kalmar "shadow" ta fito?

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci a makarantar sakandare. Ɗalibaina suna fassara "shadow" da "shade" duka da inuwa. Mece ce ainihin ma'anar "shadow", kuma mene ne asalinta?

Amsa: Malama, ɗalibanki ba su yi laifi ba, domin Bahaushe kalma ɗaya yake da ita ga duka biyun. "Shadow" ita ce baƙar siffar da ke fita idan wani abu ya tare haske, kamar inuwar mutum da ke miƙewa a ƙasa da la'asar. "Shade" kuwa wurin da rana ba ta bugawa ne, inda ake shimfiɗa tabarma a sha iska.

Abin da ya fi burge ni shi ne, su ma Turawan da kalma ɗaya suka faro. A Tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila har zuwa wajen shekarar 1100, kalmar ita ce "sceadu". A wancan zamani ƙarshen suna yakan sauya gwargwadon aikinsa a jimla, kamar i'irabi a Larabci. Idan ita ce mai aikatawa sai a ce "sceadu", a wasu gurabun kuma a ce "sceadwe". Da tsarin ya zube, sai kowace siffa ta kama gabanta: ta farko ta zama "shade", ta biyu ta zama "shadow". Harafin "w" ɗin nan ragowar tsohuwar siffar "sceadwe" ne. Haka aka yi da "mead" da "meadow", wato fagen ciyawa. Kalmar "shadow" tana da dangi a wasu harsuna: "Schatten" a Jamusanci, "schaduw" a harshen Holan, da "skotos" na Girkanci, ma'ana duhu.

Sauran ma'anoninta daga halin inuwa suka tsiro, tunda ba ta rabuwa da mai ita. Jami'in da ke bin sawun wani a ɓoye ana cewa yana "shadowing" ɗinsa. A majalisar Birtaniya, jam'iyyar adawa tana naɗa "shadow cabinet", wato tawagar 'yan majalisarta da kowane ɗaya yake sa ido kan aikin minista guda. Wanda ciwo ya ramar kuma a ce saura "shadow" ɗinsa.

A aji, ki tuna musu da inuwar giginya, wadda na nesa ka sha. Siffar kanta da ta faɗa can nesa ita ce "shadow". Wanda ya je can ya zauna, shi ne ya sami "shade".