Amsa: Haɗa bayanan tsuntsaye da tsirran Amurum

Malam, ka tambaya ko dole sai ka mayar da bayanan tsuntsaye da tsirran da kuka tattara a dajin Amurum da ke kusa da Jos zuwa RDF (tsarin rubuta bayanai a matsayin alaƙa tsakanin abubuwa, yadda kwamfuta za ta gane) kafin su haɗu da na sauran masu bincike. A'a, ba yanzu ba. Fara gyara teburinka na Excel ya bi tsarin Darwin Core, wato ƙa'idar rubuta bayanan halittu, wanda ƙungiyar TDWG mai tsara irin waɗannan ƙa'idoji ta amince da shi a 2009, kuma da shi GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya, ke karɓar mafi yawan bayanai. Kowane layi ya zama gani ɗaya: sunan kimiyya, lambobin GPS na wurin, da occurrenceID, wato lambar shaidar wannan ganin, da ba za a taɓa canjawa ba. Kwanan wata kuwa shekara farko, sai wata, sai rana, kamar 2023-04-03. In ka rubuta 03/04/2023, wani zai karanta Afrilu, wani Maris, alhali a nan Jos tsakanin watannin nan biyu ne damina ke kankama.

Inda RDF ke da amfani sosai shi ne lokacin da alaƙa ce kake son kwamfuta ta gane. Tsuntsun Vidua maryae yana zuba ƙwansa a sheƙar wani tsuntsu, Lagonosticta sanguinodorsalis; shi wannan na biyun sai a 1998 aka bayyana shi a kimiyyance. Irin wannan jumla mai gaɓa uku (mai zuba ƙwai, aikin zubawa, da mai sheƙa) RDF ke riƙewa da kyau. Amma na sha ganin aikin ya cije saboda jinsi ɗaya ya shiga tebur da rubutu iri uku, don haka ka tace sunayen da manhajar daidaita suna ta GBIF tukuna.