Na shekara ina rubutu a kan sana'ata, me ya sa Google ba ya nuna ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa wutar sola ce, ina sayar da kayan, ina kuma zuwa in ɗaura wa mutane. Kusan shekara guda ke nan da na buɗe shafin intanet, kuma duk mako sai na saka rubutu: sababbin kayan da suka iso, rangwamen da muke yi, wani lokaci in ɗauko bayanin amfanin sola daga wasu wurare in ɗan sauya kalmomin. Rubutun ya kai 50, amma in na bincika a Google ba na ganin kaina sai in sunan kamfanina na rubuta. Wani ya ce in biya shi, zai saya mini mahaɗai (wato link da ake latsawa a shigo shafina) daga shafuka 500, ya kai ni sahun farko cikin wata guda. In biya? In a'a, ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka biya shi, zan dawo kan dalilin a gaba. Mu fara da rubutun nan guda 50, domin a nan ciwon yake, kuma kai da bakinka ka faɗi inda yake.

Ka tuna da mutumin da ya ɗauki waya ya shiga Google. Ba zai taɓa rubuta "sababbin kayan da suka iso" ba. Bai san ka ba, balle ya damu da abin da ya iso maka. Damuwa ce ta kai shi can: batirinsa ya daina kai shi asuba, ko inbata tana ƙara duk sanda firji ya tashi, ko yana so ya san fanel nawa za su ɗauki fanka 3 da talabijin. Shi kuwa Google aikinsa ya haɗa mai tambaya da wanda ya fi amsa masa. Sanarwar kaya da rangwame ba ta amsa tambayar kowa, shi ya sa ba ka fitowa sai an rubuta sunanka. Wanda ya san sunanka kuma ai naka ne tun tuni, ba shi kake nema ba.

Rubutun da kake ɗaukowa daga wasu wurare ya fi wannan cutar da kai. Kayan aro ba ya rufe katara. Idan bayani iri ɗaya yana wuri ɗari, Google zai nuna ɗaya ko biyu, galibi waɗanda suka daɗe aka kuma saba dogara da su, sauran ya tura su can ƙasa inda ba mai zuwa. Dabarar sauya kalmomi ta daina ci da daɗewa. Tun a Fabrairun 2011 kamfanin ya fito da wani gyara mai suna Panda, wanda ya sauke shafukan da ba su da komai sai kwafe da cike gurbi. A 2019 ya shigo da BERT, tsarin da ke duba ma'anar jimla gaba ɗaya maimakon bin kalma ɗaya bayan ɗaya. A Agustan 2022 kuma ya ƙara wani ma'auni na gane rubutun da aka yi don amfanin mutane da wanda aka yi don yaudarar injin bincike, sannan a Maris 2024 ya narkar da shi cikin babban tsarinsa. Daga 2011 zuwa 2024, shekara 13 ke nan ana tafiya hanya guda.

Abin da ya fi damu na a wasiƙarka shi ne, kana zaune a kan dukiya kana aron na wasu. Kai ne ka hau rufin mutane. Kai ne ka buɗe batirin da ya kumbura ka ga abin da ya kashe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya rubuta bayanin da ka kwafo wataƙila bai taɓa riƙe filaya ba. A Disamban 2022 Google ya ƙara kalma guda a ƙa'idojin da yake ba mutanen da ke auna masa ingancin sakamakon bincike: gogewa, wato ko marubucin ya taɓa yin abin da hannunsa, a kan ƙwarewa da shahara da amana da suke nan tun da. Waɗannan mutane ba su ne ke ɗaga shafi ko sauke shi ba, amma da hukuncinsu ake gwada tsarin, don haka ƙa'idojinsu suna nuna maka inda kamfanin ya dosa.

Bari in ba ka misali da sana'arka. Maimakon "Amfanin wutar sola guda 10", wanda dubban mutane suka riga ka rubutawa, ka rubuta "Me ya sa batirin sola yake mutuwa kafin asuba?" A sakin layi na farko ka ba da amsar kai tsaye. Daga nan ka yi lissafin da kake yi wa abokin ciniki a tsaye: batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 (200Ah) yana riƙe wat 2,400 na awa guda, amma in na dalma ne bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, saura 1,200 ke nan, ga kuma abin da fanka da firji suke ci a dare ɗaya. Ka faɗi kurakuran da ka fi tararwa in an kira ka gyara: siririyar waya, ƙurar da ta lulluɓe fanel, haɗa tsohon batir da sabo. Ka saka hoton aikin da ka ɗauka da wayarka, ka rubuta abin da ke cikinsa a gurbin bayanin hoto. Ka ma faɗi yanayin da mutum ba ya bukatar sayen sabon batir sam. Na san wannan na ƙarshe yana yi wa ɗan kasuwa nauyi, amma shi ne yake sa baƙo ya yarda da kai, kuma wanda ya yarda da kai shi zai kira ka ranar da zai kashe kuɗi mai yawa. Irin wannan rubutu babu wanda zai iya yin sa sai kai, kuma fita daban da sauran masu sana'ar da fitowa a bincike da kake nema duk a nan suke haɗuwa.

Ina za ka samo tambayoyin? Suna cikin wayarka. Ka koma saƙonnin WhatsApp na wata 6 da suka wuce, ka fitar da duk tambayar da aka yi maka fiye da sau biyu, ka rubuta ta da kalmomin da mai tambayar ya yi amfani da su. Kada ka gyara ta ta koma harshen injiniyoyi, domin da harshensa zai bincika. Sannan ka fara rubuta ta a akwatin Google ka ga yadda yake ƙarasa maka jimlar, ka kuma duba jerin tambayoyi masu alaƙa da yake nunawa a tsakiyar sakamako. Google da kansa ya sha faɗa cewa kashi 15 cikin 100 na binciken da ake yi a kullum sabo ne, bai taɓa ganin sa ba. Wannan albishir ne ga ƙaramin ɗan kasuwa. Ba za ka iya ja da manyan kamfanoni a kan kalmar "sola" ita kaɗai ba, amma doguwar tambaya mai kalma 7 ko 8 sau da yawa babu wanda ya amsa ta da kyau, kuma mai yin ta ya fi kusa da sa hannu a aljihu. Haka nan in abokan cinikinka suna bincike da harshen da ba a cika rubutu da shi a intanet ba, ka rubuta da shi, filin a buɗe yake.

Kowace tambaya ka ba ta shafinta. Ka sa ainihin kalmominta a kanun rubutun, kuma kanun kada ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, don kada a datse shi a sakamako. Kada ka yi ta nanata kalma ɗaya har karatu ya yi nauyi, wannan yana cikin abin da Google ya lissafa a matsayin maguɗi. Batun tsawo kuwa, ma'aikatansa sun sha bayyana cewa yawan kalmomi ba ma'auni ba ne. Amsar da ta cika a kalma 400 ka bar ta a 400. Ka sa sunanka da shekarun da ka yi a sana'ar, da yadda za a same ka.

Ɓangaren na'ura ba shi da wahalar da ake zuzutawa. Ka buɗe Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, kyauta ne, ka tabbatar masa shafin naka ne, ka miƙa masa taswirar shafin, wato jerin adireshin duk abin da ke cikinsa. Zai nuna maka rubutun da ya shiga ma'ajiyar Google da wanda bai shiga ba, da dalili. In da manhajar gina shafi ta WordPress aka gina maka, ka duba saitin karatu, akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injinan bincike kada su ɗauki shafin. Masu gini kan latsa shi lokacin aiki su manta ba su cire ba. Sai waya: Google yanzu da fuskar shafi ta waya yake aunawa, don haka ka buɗe naka a ƙaramar waya da intanet marar ƙarfi ka gani da idonka. Ma'aunin da ya sa shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma abin da ya fi hana hakan manyan hotuna ne da aka ɗora ba a rage musu nauyi ba. Adireshinka kuma ya fara da https, tun 2014 ake lissafa wannan.

Yanzu ga mai mahaɗai 500. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, shi ya sa take ruɗar mutane. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, abin da ya bambanta shi da sauran shi ne PageRank, wanda ke ɗaukar duk mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka kamar shaida ce aka ba ka. Har yau mahaɗai suna da tasiri. Sai dai da mutane suka mayar da shaidar kayan sayarwa, kamfanin ya fito da Penguin a Afrilun 2012 don kama masu saye, kuma ƙa'idarsa a rubuce ta hana saye ko sayar da mahaɗi don ɗaga matsayi. Ɗayan abu biyu ne zai faru in ka biya. Ko dai a yi watsi da mahaɗan, kuɗinka ya tafi a banza, ko kuma ma'aikacin Google ya sa wa shafinka takunkumi, ka koma bin shafuka 500 kana neman a cire abin da ka biya aka saka. Alkawarin sahun farko ma kansa alama ce, domin Google ya rubuta ƙarara cewa babu wanda zai iya lamunce maka matsayi na ɗaya, ya kuma gargaɗi mutane da masu yin wannan alkawari.

Mahaɗin da ke da albarka shi ne wanda ya fito daga inda ake da dalilin ambaton ka. Kamfanin da kake sayar da kayansa yana iya sa ka a jerin dillalansa. Ƙungiyar masu sana'arku tana iya sa ka a jerin mambobi. Ɗan jaridar da ke rubutu a kan wutar lantarki yana bukatar wanda ya san aikin ya yi masa bayani. Guda 5 irin waɗannan sun fi 500 ɗin can. Kada kuma ka manta da haɗa rubutunka da junansu: na batir ya kai mai karatu ga na inbata, na inbata ya kai shi inda zai nemi ka zo ka duba masa. Tunda kuma sana'arka ta zuwa gidajen mutane ce, ka yi rajistar kasuwancinka a Google Business Profile, shi ne ke sa ka fito a taswira in wani na kusa ya nemi mai haɗa sola. Ka roƙi waɗanda ka yi wa aiki su rubuta ra'ayinsu na gaskiya, kada ka saya, kada ka rubuta da kanka.

Akwai wani sauyi da ya kamata ka sani. Tun Mayun 2024 Google ya fara saka taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira (AI) a saman sakamako, don haka tambayoyin gama-gari irin "mene ne sola" ana amsa su a can, mutum bai ma shiga shafin kowa ba. Wannan ya ƙara rage darajar bayanin aro. In za ka yi amfani da irin wannan na'ura wajen tsara rubutu ko gyara jimla, Google bai hana ba, ya ce inganci yake dubawa. Abin da ya hana shi ne zubo rubutu barkatai don cika shafi. Lissafin da hotunan da abin da ka gani a kan rufi dole daga gare ka za su fito.

Game da rubutun 50 da ke nan: waɗanda ka kwafo ka goge su, ko ka sake rubuta su daga tushe in batun ya cancanta. Waɗanda suka yi kama da juna ka haɗe su wuri guda, ka karkatar da tsofaffin adireshin zuwa sabon. Daga nan ka rage sauri, rubutu 2 masu nauyi a wata sun wadatar. Ka kuma shirya haƙuri, domin kiyasin da Google ya taɓa bayarwa shi ne wata 4 zuwa shekara guda kafin a ga amfanin irin wannan gyara. Bayan wata 3 ka shiga Search Console ka duba jerin kalmomin da aka bincika aka gan ka. Ka nemo waɗanda kake tsakanin matsayi na 8 da na 20, ka buɗe rubutun da suka fi ka a kansu, ka ga abin da suka amsa wanda ka tsallake, ka ƙara shi a naka. A cikin jerin nan za ka tarar da tambayoyin da ba ka taɓa zaton ana yi ba, daga cikinsu za ka zaɓi abin rubutawa a wata mai zuwa.