Na riƙe waya a danja, saura mako shida in cika shekara biyu da lasisi

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Birmingham, ina aikin kula da tsofaffi gida-gida, kuma da mota nake zagayawa. Shekara 11 na yi ina tuƙi a Kano, amma da na zo nan sai da na sake jarrabawa. Saura mako shida in cika shekara biyu da cin ta. Kwanakin baya danja ta tsayar da ni, na ɗauki waya in duba adireshin gidan da zan je, sai ga ɗan sanda a kan babur yana ƙwanƙwasa min gilashi. Yanzu takarda ta zo: tarar fam 200 da maki 6 na laifi a kan lasisina. Abokina ya ce in kai maganar kotu, kafin a zauna shekara biyun ta cika, shi ke nan na tsira. Haka ne?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo sauƙi. Abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma dabararsa ba za ta fisshe ka ba.

Dokar da ta kama ka ita ce dokar sababbin direbobi ta 1995, wadda ta fara aiki a watan Yuni 1997. Ta ce duk wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu daga ranar da ya ci jarrabawar tuƙinsa ta farko, hukumar DVLA mai ba da lasisin tuƙi a Birtaniya za ta soke lasisinsa. Tsohon direba sai ya tara 12 cikin shekara uku kafin a dakatar da shi. Kai rabin haka ya isa, kuma laifin waya shi kaɗai maki 6 ne tun watan Maris 2017. Abin da dokar take dubawa shi ne ranar da aka yi laifin. Ko kotu ba ta zauna ba sai baɗi, ranar da ɗan sandan ya ƙwanƙwasa maka gilashi tana cikin shekara biyun nan. Shekarunka 11 na tuƙi a Kano kuwa ba sa cikin lissafi. Na san wannan yana da ciwo ga mutumin da ya saba da cunkoson Kurna da Bata, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu da na Birtaniya, don haka a idon doka ranar da ka ci jarrabawarsu ka zama direba.

To, ka yi laifin kuwa? Bisa abin da ka rubuto da hannunka, ka yi. Tsayuwa a danja ko a cunkoso tuƙi ne a wurinsu. A da akwai wata kafa: a shari'ar Barreto ta 2019, babbar kotu ta ce wanda ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo bai karya dokar ba, tunda ba sadarwa yake yi ba. An toshe wannan kafar ranar 25 ga Maris 2022. Yanzu ko fuskar wayar ka kunna don ka duba lokaci tana hannunka, ka shiga. Abin da aka keɓe kaɗan ne: kiran 999 ko 112 a halin gaggawa inda tsayawa ba za ta yiwu ba, biyan kuɗi da waya mota tana tsaye kamar a tagar masu sayar da abinci, ko kuma ka faka motar yadda ya kamata. Da wayar tana maƙale a mariƙinta jikin gilashi, da magana ta sha bamban, kuma da zan ce ka je kotu ka nemi a kawo bidiyon kyamarar da ke ƙirjin ɗan sandan. Amma ka ce ɗauka ka yi.

Idan ka biya tarar cikin kwana 28 ɗin da aka ba ka, maki 6 za su hau, DVLA ta aiko maka da wasiƙar soke lasisi. Ba wani alƙali da zai saurare ka kafin nan, aikin hukumar ne kawai ta soke.

Idan ka je kotun majistare fa? Nan nake so ka natsu, domin nan mutanenmu suke zubar da kuɗi. Za ka ji ana cewa ka gaya wa alƙali aikinka zai tafi, iyalinka za su shiga wani hali. Wannan roƙon yana aiki ga tsohon direban da ya kai maki 12. Ga sabon direba ba shi da gurbi ko kaɗan, saboda da zarar makin ya hau, alƙali ba shi da ikon hana sokewar. Akwai abin da suke kira dalili na musamman, wanda zai sa a same ka da laifi amma a ƙi ɗora makin, sai dai dole dalilin ya shafi yadda laifin ya faru, kamar a ce ran wani ne a hannunka a wannan daƙiƙar. Duba adireshi bai kai nan ba. Hanya ta ƙarshe ita ce lauya ya roƙi a dakatar da kai na 'yan kwanaki maimakon maki, tunda idan babu maki babu sokewa. Ana roƙa, wani lokacin a dace. Amma ƙa'idar yanke hukunci da majistarori suke bi ta faɗa ƙarara cewa galibi hakan bai dace ba, don zagaye nufin majalisa ne. Ni ba zan ce ka jingina abincinka a kan wannan ba.

Kuma kotu tana da nata tsadar. Tara tana iya kaiwa fam 1,000, ga kuɗin shari'a, ga na lauya. Abin da ya fi damuna da kai a matsayinka na baƙo shi ne, tarar da ka biya ta takarda ba hukuncin kotu ba ce, amma idan majistare ya same ka da laifi, hukunci ne da za ka bayyana duk ranar da ka nemi takardar zaman dindindin ko ta zama ɗan ƙasa. Kada garin gudun sake jarrabawa ka ja wa takardunka tabo.

Shawarata, idan labarin kamar yadda ka faɗa yake, ka biya, ka soma shirin komawa. Soke lasisi ba dakatarwa ba ce, babu wa'adin da za ka zauna jira. Da wasiƙar ta iso kana iya neman lasisin koyo, ka sake jarrabawar kwamfuta a fam 23, ta kan hanya a fam 62 a ranakun aiki. Layin jarrabawar kan hanya ne yake da tsawo, ana yin watanni, don haka ka buɗe littafin dokokin hanya tun daren yau. Kafin ka ci, sai da jan harafin L gaba da baya, da wanda ya haura shekara 21 kuma ya shekara uku da cikakken lasisi a gefenka. Idan ka sake ci, dokar sababbin direbobi ba ta sake hawa kanka, amma makin nan 6 suna nan a takardarka shekara huɗu, kuma wasu 6 cikin shekara uku za su kai ka 12.

Ina roƙonka da Allah, daga ranar da wasiƙar ta ce lasisin ya mutu, kada ka ja motar kai kaɗai, ko da wata tsohuwa tana jiran maganinta. Wannan sabon laifi ne da nasa makin, inshorarka tana iya ƙin amsa ka, kuma ana iya ɗauke motar. Ka sanar da kamfanin inshorar, sannan gobe da safe ka samu shugabar aikinka ka gaya mata da bakinka, ka nemi a haɗa ka da abokin aiki mai mota ko a ba ka gidajen da bas take zuwa. Takardar da ta zo ma ka kai wa lauyan harkar hanya ya karanta kafin kwana 28 ɗin su cika, ya duba ko abin da ɗan sandan ya rubuta ya yi daidai da abin da ka ba ni labari.