Tambaya da Amsa: Ƙarancin Homon ɗin Tayirod Ne Ke Fasa Zuciyar Salmon?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibi ne mai karatun digiri na biyu a fannin kiwon kifi a ƙasar Nowe, ina kuma aikin sanin makama a wata gonar salmon da ke bakin teku. Makon jiya an yi wa kifayen keji ɗaya wankan kwarkwata, washegari muka kwashe matattu da yawa, manya masu ƙiba, kilo 4 zuwa 5. Da muka farke wasu, sai muka tarar zuciyar ta fashe. Jinin da na ɗiba domin bincikena ya nuna T3, ɗaya daga cikin homon ɗin tayirod, ya yi ƙasa ƙwarai. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wani a zauren WhatsApp na masu kiwon kifi na gida ya ce ƙarancin tayirod ne, wai a daka ƙwayar tayiroksin ta mutane a zuba a abinci, zuciyar za ta yi ƙarfi. In kai wa shugaban gonar wannan shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka kai. Na fahimci tashin hankalinka, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin keji da asuba yana ɗebo kifin da aka yi shekara biyu ana ciyarwa ya san yadda abin yake sosa rai. Amma wannan shawara ka bar ta a zauren da ka same ta.

Tayirod, wato abin nan da in ya kumbura a wuya ake cewa maƙoƙo, yana taɓa zuciyar kifi, wannan ba a musu. T3 yana da hannu a yadda tsokar zuciya take kwashe kalsiyam bayan kowane bugu, wato yadda take sakin jiki ta cika da jini kafin ta sake matsewa, haka kuma yana da hannu a saurin bugun. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sidni a 2014 kan kifin zebra ya nuna cewa idan aka danne tayirod, zuciyar ba ta iya daidaita kanta da ruwan sanyi yadda ya kamata. A salmon kuwa, T4, wato tayiroksin, homon ɗin da jiki ke mayarwa T3, yana yin tashin gwauron zabi lokacin da ɗan kifi yake sauya jiki daga na kogi zuwa na teku, lokacin da fatarsa take komawa kalar azurfa. Tun 1981 aka nuna cewa a salmon nau'in koho wannan tashi yana bin tsayuwar wata. Ke nan homon ne mai bin sanyi, haske, abinci da shekarun kifi, yana hawa yana sauka. Awo ɗaya a rana ɗaya ba ya gaya maka komai a kan lafiyar tayirod.

To duba lokacin da ka ɗibi jinin. Kafin wankan kwarkwata ana hana kifi abinci na wasu kwanaki. Sannan a matse su wuri ɗaya, a zuƙe su ta bututu, in wankan ruwan ɗumi ne a ratsa da su cikin ruwa mai zafin digiri 28 zuwa 34 na kimanin daƙiƙa 30. Kifin da ke jin yunwa ko wahala, hantarsa da kanta take rage mayar da T4 zuwa T3, domin jiki ya rage ƙona abin da ba shi da shi. Wannan sananne ne a dangin salmon. Abin da ka auna sawun yunwa da wahala ne.

Abin da ka gani da idonka ya fi wannan lamba magana. Kifi babba, mai kyan jiki, dab da girbi, ya mutu bayan an motsa shi, an farke an tarar da jakar zuciya cike da daskararren jini, ɗakin karɓar jini ya kumbura ya yage: duk likitan kifi a Nowe abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne CMS, wato cutar lalacewar tsokar zuciya. An fara ganin cutar a can a 1985, kuma bairos ɗin PMCV ne ke kawo ta. Ana kuma duba HSMI da cutar PD, su ma bairos ne, su ma suna cin tsokar zuciya. Ƙarƙashin wannan akwai matsalar ginin zuciyar tun farko. Ka ɗora zuciyar salmon na daji a tafin hannunka, za ka ga ta fito da kusurwoyi kamar dala, a tsuke. Ta gona sau da yawa a mulmule take, da kitse a jikinta, bututun da ke fitar da jini ya karkace. Salmon na daji yakan yi shekara 2 zuwa 5 a kogi kafin ya nufi teku, na gona kuwa da ruwan ɗumi da hasken lantarki ake gaggauta shi cikin ƙasa da shekara, kuma bincike a Nowe ya danganta wannan gaggawa da lalacewar siffar zuciya. Ko ƙwai ma, in aka ƙyanƙyashe shi a ruwan da ya haura digiri 8, nakasar zuciya tana ƙaruwa. Rahoton Cibiyar Likitancin Dabbobi ta Nowe ya ce salmon miliyan 62.8 ne suka mutu a kejin teku a 2023, kashi 16.7 cikin ɗari. Babu mai hankalin da ya ɗora wannan a kan rashin ƙwayar tayiroksin.

Yanzu bari in dawo kan mai shawarar nan, domin irinta nake ji kusan kullum, kuma wallahi ta ishe ni. Tunanin shi ne: an auna abu, an ga ya yi ƙasa, sai a ƙara shi. Da wannan tunani ake zuba wa tarwada magungunan mutane a kududdufan Kano da Kaduna, don kawai an ga allurar Ovaprim tana sa uwa ta saki ƙwai, sai aka ɗauka kowane homon in aka ƙara alheri ne. Mutumin da bai taɓa riƙe salmon a hannunsa ba, bai taɓa buɗe zuciyar kifi ba, shi ne yake rubuta magani daga nesa, kuma har a samu masu tura saƙon gaba.

Mu ɗauka an bi maganarsa. Da farko, tayiroksin T4 ne, kuma jikin kifi ba ya barin T4 ya yi yadda ya ga dama. In ka cika masa shi, hanta sai ta rage aikin mayar da shi T3, yawancinsa ya fita a banza. An yi asarar kuɗi, an zuba maganin mutane a teku. In kuma aka yi rashin sa'a ya kama, ko wani ya nemo T3 kai tsaye, to nan ne ɓarnar take. Homon ɗin yana ƙara wa jiki buƙatar iskar oksijin, yana ƙara wa zuciya aiki. Ka tuna sashen ciki na zuciyar salmon, mai kama da soso, ba shi da jijiyar da ke kawo masa sabon jini. Da ragowar iskar da ke cikin jinin da ya gama zagaya jiki yake rayuwa, kuma wannan sashe ne CMS ya fi ci. Zuciyar da bairos ya riga ya rarake, ka ce ta ƙara gudu da ƙarancin iska, me kake jira ya faru? Jakin da ya durƙushe da kaya ba bulala yake buƙata ba.

Akwai kuma abin da su masu shawarar ba su taɓa ji ba. Zuciyar kifi tana iya gyara kanta, domin ƙwayoyin tsokarta suna ci gaba da rabuwa har girma, abin da tamu ba ta iyawa. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna cewa homon ɗin tayirod yana cikin abubuwan da ke danne wannan baiwa, kuma da aka ƙara wa kifin zebra shi, warkewar zuciyarsa ta ragu. Ba a salmon aka yi gwajin ba, amma ya isa ya sa mutum ya janye hannunsa. Kifin da ya tsira daga kumburin zuciya da wannan gyara yake dogaro. Tsofaffin gwaje-gwajen ciyar da ƙananan salmon homon ɗin tayirod ma sun nuna cewa yawansa yana kawo nakasar ƙashi, kuma yana iya sa fata ta yi azurfa alhali kifin bai shirya wa ruwan gishiri ba. Garin neman gira a rasa ido.

Ka ƙara da cewa abinci ne kuke kiwo. Wannan kifi gobe yana kan farantin wani, wataƙila mai ciwon zuciya, wataƙila mai juna biyu. A Nowe magani ba ya shiga keji sai da rubutun likitan dabbobi ko ƙwararren lafiyar kifi mai lasisi, kuma Mattilsynet, hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar, tana sa ido. Ɗalibin da ya zo da shawarar daka ƙwayar mutane a abinci, ranar ce za a daina ɗaukar maganarsa da muhimmanci, kuma da gaskiyarsu. Amana ce a hannunka, ta dabbar da ta mai ci.

Ciwon tayirod na gaske yana samun kifi, amma kamanninsa daban. Kifi ba shi da dunƙulallen tayirod irin namu, a warwatse yake a ƙasan haɓa, kewaye da babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, kuma in ya kumbura maƙoƙo ne ake gani a wurin. Tun 1910 wani likita mai bincike, David Marine, ya nuna cewa aidin yana warkar da maƙoƙo a kifin tirawut na gidan ƙyanƙyasa a Amurka. A ruwan daɗi aka fi tsoronsa. Maganar ƙarancin aidin a abinci ma tana da tushe, domin a 1990 kusan kashi 90 na abincin salmon a Nowe daga teku yake, yanzu bai kai kashi 30 ba, kuma tsirrai ba su da aidin kamar garin kifi. Sai dai naku suna cikin teku, inda aidin yake a ruwan da suke shaƙa, kuma gyaran wannan aikin kamfanin haɗa abinci ne.

Ga abin da za ka kai wa shugaban gonar. A ɗauki zuciyar kifin da ya mutu yanzu-yanzu ko wanda ke gargara, a sa wani yanki a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, don duban nama, wani yanki don gwajin PCR, mai gano ƙwayar cuta, na bairos ukun nan. A binciko gidan ƙyanƙyasar da kifin ya fito da zafin ruwan da aka raine shi. In CMS ya tabbata, sai likitan gonar ya duba ko a rage motsa wannan keji ko a gaggauta girbe shi. Kai kuma don bincikenka, ka sake ɗibar jini bayan sun koma cin abinci na mako biyu ko uku, a sa'a ɗaya ta rana, tare da na wani kejin da ba a yi wa wanka ba, ka auna T4 da T3 tare.