Ƙanena mai lalurar Dawun sindirom yana ƙwarewa da ruwa, maganarsa kuma ta ragu

Tambaya: Likita, ƙanena ɗan shekara 38 ne, da lalurar Dawun sindirom aka haife shi. Watannin nan in ya sha ruwa sai ya ƙware, maganarsa ma ba ta fita kamar da. Mutanen gida sun ce halin lalurar ne. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika lura. Gaskiya ne masu wannan lalura, wadda ƙarin ƙwayar halitta ta 21 ke haifarwa, jijiyoyin bakinsu da harshensu suna da sanyi, kogon bakin kuma ƙarami ne. Amma wanda ya shekara talatin yana shan ruwansa lafiya, yau ya fara ƙwarewa, akwai sabon dalili, kuma dole a nemo shi.

Haɗiyar ce ta fi tayar min da hankali. Ruwa ya fi komai gudu, yakan faɗa hanyar iska kafin maƙogwaro ya rufe. Wasu ma abincin yana zarcewa huhu ba tare da ko tari ba, sai dai a ga zazzaɓi da ciwon huhu suna ta dawowa, kuma ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura. Ki zauna kusa da shi lokacin cin abinci. Idonsa na kawo ƙwalla? Muryarsa na gargara kamar akwai ruwa a wuya bayan ya haɗiye? Yana ɓoye loma a kumatu? Ya rame?

Kafin ku ga likita, ya riƙa ci a zaune daram, loma ƙanana, ya jima rabin awa kafin ya kwanta. Fate, koko mai kauri da tuwo mai laushi da wadatacciyar miya sun fi masa sauƙi. A janye gyaɗa, ƙanzo, tsire da kifi mai ƙaya. Don Allah kada a yi masa ɗura. A wanke masa baki safe da dare, domin ƙwayoyin cutar baki ne ke bin yawu su sauka huhu.

Maganar kuwa, a fara da kunne. Hanyar kunnensu tana da ƙunci, dauɗa kaɗai na iya toshe ji, wanda ba ya ji kuma yakan yi shiru. A yi gwajin jini na tayirod, wato wani ɗan sashe a gaban wuya da ke daidaita kuzarin jiki, a duba haƙora. Ciwon mantuwa ma yana zuwar musu da wuri, galibi bayan shekara 40, sai dai ba a ɗora masa laifi sai an kawar da waɗannan masu magani.

Ku nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ku ce a gwada haɗiyarsa. In zazzaɓi ko saurin numfashi ya shigo, ranar za ku tafi.