A jira sabon ko a sayi na kasuwa? Amsoshin masu neman hedifon na manya

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Kowa ya ji ƙishin-ƙishin cewa wani kamfani na shirin fito da sabon hedifon, irin wanda kuɗinsa ke sayen babur, wani ma har fili, kuma kowa na so a gaya masa kamanninsa da sautinsa da farashinsa tun masu abin ba su buɗe baki ba. Na tsamo guda biyar.

"Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin studiyo a Kano, ina haɗa kiɗa da sautin fim. Shekara biyu ina tara kuɗin Sennheiser HD 800 S. Yanzu sun kusa cika, sai abokai suka ce in dakata, wai tunda ya daɗe a kasuwa magajinsa na nan tafe. Idan ya zo yaya zai kasance, kuma in jira?"

Wa alaikumus salam, Malam. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, saboda haka bari mu dubi Larabar wannan kamfani.

A 2009 suka fito da HD 800 a kan dala 1,400. 'Yar lasifikar da ke cikinsa faɗinta milimita 56, da rami a tsakiya kamar zobe, kuma an karkata ta ta yadda sauti zai zo wa kunne daga gaba kaɗan. Abin da ya ɗaga sunansa shi ne fili: kana saurare sai ka ji makaɗan sun baje a tsakar gida, ba su cunkushe a cikin ƙoƙon kanka ba. Aibinsa guda, kuma kowa ya faɗe shi: yana da kaifi a wajen haz 6,000, inda "s" da "sh" na mawaƙi suke zaune, har ya riƙa sukan kunne idan an daɗe da shi.

Me suka yi? Shekara bakwai suka yi shiru, sannan a 2016 HD 800 S ya shiga kasuwa. Jiki ɗaya, girman lasifika ɗaya. Sun mai da fentin baƙi maimakon ruwan azurfa, sun cusa wani ɗan abu a ramin zoben don ya shanye kaifin nan, sun ƙara dala 300 a kai. Haka suka yi da ɗaya gidan: HD 600 a 1997, HD 650 a 2003, HD 660 S a 2017, HD 660S2 a 2023, duk kamar 'ya'yan mutum ɗaya, har sosonsu na kunne yana shiga na juna. Wannan gida ba ya rushe gini, kwaskwarima yake yi. Lokacin da suka ɗan kauce, wato HD 820 na 2018 da aka rufe bayansa da gilashi aka sa masa dala 2,400, kan masu saurare rabuwa ya yi. Ka haɗa da cewa tun 2021 aka sayar da sashen kayan sauraron jama'a na Sennheiser ga Sonova, kamfanin Suwizalan mai ƙera na'urar taimaka wa masu matsalar ji, a kan yuro miliyan 200. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi bai saya don ya rage farashi ba.

To hasashena, kuma hasashe ne: duk ranar da magaji ya fito, zai riƙe filin nan don shi ne jarinsu, zai ƙara wa sautin ƙasa, wato bes, kauri don can ne korafin ya koma, kuma ba zan yi mamaki ba in ya haura dala 2,000.

Amma kai aiki kake yi da shi, kuma nan ne maganar ta canza. Mai haɗa sauti yana buƙatar hedifon da ya san halinsa kamar yadda direba ya san burkin motarsa, kuma wannan sanin watanni yake ci. Duk watan da ka yi kana jira, watan koyo ne ka zubar. Sannan kuɗinka naira ne, kayan kuwa da dala ake ƙiyasta shi. Duk wanda ya yi ajiya kafin a saki naira a watan Yunin 2023 ya san yadda kuɗin da suka "kusa cika" ke wayar gari sun koma rabi.

Abu biyu kuma ka sani kafin ka biya. HD 800 S om 300 ne (ma'aunin yadda yake turje wa wuta), waya ko ramin kwamfuta ba za su tuƙa shi yadda ya kamata ba, sai da amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. In lissafinka bai haɗa da ita ba, kuɗinka ba su kusa cika ba. Na biyu, sautinsa na ƙasa siriri ne. Kiɗanmu kuwa a kan ganga da kalangu yake tafiya. Idan ka dogara da shi kaɗai za ka yi ta ƙara bes don ka ji ya cika, a kai waƙar gidan biki lasifika ta riƙa gurnani. Da ni ne, HD 600 zan ɗauka da amfilifaya mai kyau, ragowar in zuba a makirufo da gyaran bangon ɗakin. In kuwa zuciyarka ta riga ta kafe a kan HD 800 S, saya yanzu, ka bar abokai su ci gaba da jira.

"Na ga hotunan wani sabo da za a nuna a baje koli, katako ne da fata, ya yi kyau matuƙa. Ana iya gane sautin hedifon daga hoto?"

Ɗan'uwa, ana iya gane wasu abubuwa, amma ba wanda kake nema ba.

Hoto zai nuna maka ko bayansa a buɗe yake ko a rufe. Mai raga a baya yana barin iska ta wuce, sautinsa ya fi sakewa, amma na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji janareton maƙwabta. Rufaffe yana tare hayaniya, sai dai sautin da ya bugi murfin yana dawowa, kuma shawo kan wannan dawowar shi ne ciwon kan injiniyoyi. Hoto zai kuma nuna zurfin soson kunne, da ko igiyar tana cirewa.

Daga siffar ma kana iya zargin irin injin da ke ciki. Akwai na gargajiya, tantani da aka manna wa naɗin waya a gaban maganaɗisu. Akwai shimfiɗaɗɗe, wanda wayar ke kwance a jikin tantanin gaba ɗaya, da layukan maganaɗisu a gefensa. Irin wannan ne Audeze na Amurka da HiFiMan na Sin suka shahara da shi, kuma yawanci ƙoƙonsa fakeke ne. Nauyi shi ne matsalarsa. LCD-4 na Audeze ya kusa gram 700, ka ɗora shi awa biyu wuyanka ya ba ka labari. Da suka fito da LCD-5 a 2021 sai ga shi gram 420. Wannan ce alƙiblar da nake sa ran sababbi za su ci gaba da bi: rage nauyi, don masu saye sun gaji da dakon ƙarfe a ka.

Batun katako da ƙarafa masu tsada kuwa, a yi hattara. Focal na Faransa sun yi tantanin Utopia da beriliyam saboda ba shi da nauyi kuma ba ya lanƙwasa, wannan dalili ne na gaske. Sony tun 1989 suka yi MDR-R10 da ƙoƙon katako da tantanin da ƙwayoyin bakteriya suka saƙa, har yau masu tara kaya na farautarsa. Amma kayan haɗi ba su ne miya ba. Yadda aka daidaita sautin, nawa aka ba ƙasa, nawa aka ba tsakiya inda muryar mutum take, nawa aka ba sama, shi ne kunne ke ji, kuma hoto ba ya ɗaukarsa. Ka jira a auna shi a fitar da zanen sautinsa. Masu aunawa sukan gwada shi da layin sautin da akasarin mutane suka fi so, wanda Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Harman bayan sun gwada kunnuwan mutane da yawa. Layin ba wahayi ba ne, amma yana nuna maka inda sabon ya kauce da kuma yawan kaucewar.

Labarin waɗanda suka "ji shi" a baje koli, ko na High End da aka daɗe ana yi a Munich duk watan Mayu har zuwa 2025 ko tarukan hedifon na CanJam, ka saurare shi da kunne ɗaya. Minti goma ne a zaure mai cike da surutu, ga wakilin kamfani tsaye a kanka yana murmushi, sau da yawa ma samfurin gwaji ne da za a sake taɓawa kafin a fara sayarwa.

Wani abu da ba a sa shi a talla: tambayi kuɗin soson canji. Zafin Maris da Afrilu da gumi suna sa fatar roba ta fara ɓarewa, kuma soso in ya kwanta sautin ma canzawa yake yi.

"Wani dillali a Dubai ya ce in ba da rabin kuɗi a ajiye mini na farko-farko idan ya fito. Har yanzu ba a faɗi farashin ba. Nawa kake ganin zai kai?"

Alhaji, rabin me za ka bayar, tunda ba a san cikon ba?

Ga yadda tsanin ya hau. Dala 1,400 ta HD 800 a 2009 ta sa mutane sun riƙe baki. A 2016 Focal Utopia ya zo da 4,000. A 2017 HiFiMan Susvara ya zo da 6,000. Utopia da aka sabunta a 2022 ya koma 5,000, Susvara Unveiled na 2024 kuma 8,000. Can sama akwai irin Sennheiser HE 1 na 2015, mai amfilifaya a cikin dutsen marmara na Carrara, wajen yuro 50,000, wanda aikinsa ɗaga sunan gida ne da sa dala 5,000 ta zama kamar rangwame. Saboda haka in jagaban wani kamfani ne kake jira, ɗauki farashin wanda zai gada ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku, ba za ka yi nisa da gaskiya ba. Sannan ka ƙara jigila da kwastan.

Abin da dillalin ba zai gaya maka ba shi ne tsanin yana da gangara. HiFiMan musamman sun saba fito da kaya da tsada su yi ta zaftarewa: Sundara ya fara a dala 500, ya sauko wajen 300. HD 650 da ake sayarwa kusan dala 500, a 2016 aka fito da tagwayensa HD 6XX a kan 200. Kuma ranar da sabo ya fito, masu zumuɗi ke zubar da tsofaffinsu a kasuwar na hannu. Ribar sabon hedifon sau da yawa wanda ya sayi tsohon ne ke cin ta.

Rukunin farko kuma shi ne ke ɗauke da kurakuran masana'anta in akwai su. Mutumin Landan zai mayar a ba shi wani cikin mako. Kai kuwa daga nan, kuɗin aikawa da dawowa da watannin jira duk a wuyanka. Riƙe kuɗinka har wata shida bayan fitowarsa. In kuma irin Susvara ne mai taurin kai, wanda ƙarfin jinsa desibel 83 ne kacal, wato sai an ba shi wuta mai yawa yake ɗaga murya, har wasu ke tuƙa shi da amfilifayar manyan lasifiku, to ka ware mata nata kason tun yanzu.

"Ina sha'awar Stax, ina jiran sabon da za su fitar. Zai yi a Sakkwato?"

Sha'awarka tana da tushe. Stax na Japan tun 1960 suke wannan sana'a, tantaninsu ya fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, yana rataye tsakanin faranti biyu da cajin bolt 580 a jikinsa. Goge ko kukuma a cikinsa, har gogar gashin a kan tsirkiya kana ji. Sai dai abu mai caji yana jan ƙura, ko da yake akwai 'yar ledar kariya a ciki. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta sami shiga sai ka fara jin tsiyaya ko ƙara a kunne ɗaya, kuma ba gyaran bakin kasuwa ba ne. Ka tuna yadda hunturu ke shafe tebur cikin awa guda a garinku. Ga shi ba ya aiki sai da tasa amfilifayar ta musamman, ita kuma tana son wuta mai tsayuwa. In kana da ɗaki mai rufi sosai da inbata, kuma za ka riƙa mayar da shi akwati duk ka gama, bismilla. Sabo ko tsoho, SR-009 na 2011 ko SR-X9000 na 2021, ƙurar ba ta bambanta su.

"Maigidana yana yawan sauraron karatun Alƙur'ani da labarai a waya. Ina so in yi masa kyautar hedifon marar igiya mafi tsada, an ce sababbi na zuwa. In jira?"

Hajiya, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Kada ki jira, kuma kada ki nemi mafi tsada. Manyan kamfanoni sun shigo wannan fage, Focal ma sun fito da Bathys a 2022 a kan dala 800, kuma yana da daɗi. Amma Bluetooth matse sauti yake yi kafin ya aika: LDAC, ɗaya daga cikin hanyoyin matsewar mafi ƙarfi, iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, faifan CD kuwa 1,411 ne. Karatun da aka turo ta WhatsApp ma tun kafin ya iso an riga an matse shi. Sannan batiri ne a ciki, kuma batiri yana tsufa cikin 'yan shekaru, ba kamar mai igiya ba da ake gadonsa.

Abin da Alhaji zai gode miki a kai shi ne wanda ba ya matse masa kai, ba ya danne sandar tabarau in yana sawa, mai kashe hayaniya don ya ji mai karatu ko da injin niƙa na aiki a layi. Na matsakaicin farashi daga Sony ko Bose ko Sennheiser sun wadatar. Ki ɗauki hularsa ɗaya ki tafi da ita shago, ki gwada faɗin hedifon ɗin a kanta, don zanna-bukar tana ƙara wa kai girma fiye da yadda ake zato.